Na Zarge Shi da Sholisho, Ashe Hajar Shagona Ce

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta, domin akwai abin kunya a ciki, kuma kunyar tawa ce, ba ta wani ba. Amma da na duba yawan yaranmu da ke cin abinci da feshin fenti a garin nan, sai na ga ɓoye ta ya fi faɗar ta muni.

Na zo Abuja daga Funtuwa a 1994, shekara uku bayan an dawo da babban birnin ƙasa daga Legas. Da yaron shago na fara, yau kuma alhamdu lillahi ina da nawa a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei. Fenti nake sayarwa, da tina, da burushi, da sandfefa. In liman ya yi tafiya ko jiki ya motsa masa, ni nake jan salla a masallacin layinmu. Shekara talatin ke nan ina zaune cikin gwangwanaye, har hancina ya daina jin warinsu. Baƙo zai shigo shagon ya toshe hanci, ni kuwa in yi masa dariya, in ce ai ƙamshin kuɗi ne.

Ɗana na uku tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama. Motar kara, motar gwangwani, jirgin sama na kwali, babu wanda bai ƙera ba. Da ya gama sakandare sai ya samu wani mai sana'a a cikin gari ya ɗauke shi koyon aiki. Sana'ar kuwa, wataƙila wasunku sun taɓa gani: in ka shiga ofishin masu gina rukunin gidaje suna sayarwa, irin na Lokogoma ko Lugbe ko Gwarimpa, za ka tarar da 'yan ƙananan gidaje a cikin akwatin gilashi, da titunansu da bishiyoyinsu da 'yan motoci, kai ka ce unguwa aka ɗauko aka ƙanƙantar. To wannan ita ce sana'ar. Da kwali mai kauri da roba da soso ake yi, kuma da awo: ya taɓa nuna mini cewa a yawancin aikinsa santimita ɗaya tana matsayin mita ɗaya ta ginin gaske. In an gama haɗawa sai a yi fenti. Burushi ba ya yi, domin yana barin sawu. Da wata 'yar bindigar feshi ake yi, tsawonta bai wuce biro ba, an haɗa ta da ƙaramin kwamfaresa mai hura iska. Wani lokaci kuma da fentin gwangwani na fesawa.

Da hannunsa ya faɗa, ya fara samun aikin kansa, sai na ba shi ɗakin ƙofar gida. Ɗaki ne ƙarami, taga ɗaya. Fenti da tina kuma daga shagona yake ɗauka bashi, in an biya shi ya biya ni. Ni a ganina na yi abin da uba ya kamata ya yi.

Sai hunturun bara ya shigo. Kun san ƙurar garin nan a wannan lokaci. Shi kuma aikinsa ba ya son ƙura ko kaɗan, ƙwaya ɗaya ta sauka a kan ɗanyen fenti ta ɓata rufin gida guda. Sai yaro ya samu leda ya like tagar, ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Kuma da dare yake aiki, saboda lokacin aka fi samun wuta. Duk ina gani. Har yaba masa na yi, na ce wannan yaro akwai tsafta a aikinsa.

Ba a yi wata guda ba na fara ganin canji. Idanu jajur. Ciwon kai kullum. Abinci sai uwarsa ta yi da gaske. Yaron da ba ya ɗaga murya ya koma mai saurin fushi, ƙannensa suna tsoron kusantarsa. Sallar asuba kuwa sai na buga ƙofa sau uku, in ya fito yana tangaɗi, magana tana harɗewa. Kuma duk inda ya gifta sai wani wari ya biyo shi. Wata rana bayan isha'i wani dattijo da nake ganin girmansa ya ja ni gefe, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ka sa ido a kan yaron nan. Warin da na ji a jikinsa a sahu, irin na yaran bayan tasha ne."

Wallahi daren nan ban runtsa ba. Ni da ban fi sati biyu ba da na tsaya a gaban jama'a ina jan kunnen iyaye a kan shaye-shaye, ina kiran sunan sholisho da bakina. Ashe a gidana abin yake? Da safe na kira shi gaban uwarsa. Na ce, "Faɗa mini gaskiya, me kake shaƙa?"

Ya ce, "Baba, wallahi ban taɓa ba."

Na ce, "Kada ka rantse mini da Allah a kan ƙarya. Dubi idonka. Ji warin bakinka."

Ya ce, "Baba, aiki ne kawai."

Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita su a nan ba. Uwarsa tana cewa, "Malam, a bi a hankali, a bincika," na ce ta yi mini shiru, ita ce take ɗaure masa gindi. Yaro bai ƙara cewa komai ba. Ya tashi ya koma ɗakinsa ya rufe ƙofa. Ka ji fa, ɗakin da ke kashe shi, can na kora shi.

Kwana huɗu bayan nan, wajen ƙarfe ɗaya na dare, uwarsa ta tashe ni. Ta ce ta daɗe tana jin ƙarar injin nan ba ya tsayawa, kuma ta buga ƙofa shiru. Na fita na buga, shiru. Na sa kafaɗa na ɓalle sakatar. Abin da ya buge ni a fuska, ni da na ce hancina ya mutu, sai da na ja da baya ina tari, idona yana hawaye. Yaro yana kife a kan tebur, bindigar feshin tana ƙasa, gwangwanin tina a buɗe. A gefensa ga maganin sauro na kunnawa da ashana, Allah bai nufa ya kunna ba. Na kamo shi ta hammata na ja shi tsakar gida. Da iska ta buge shi ya fara motsi, ya yi ta amai. Maƙwabcina mai mota, Allah ya saka masa da alheri, shi ya kai mu asibiti.

Likitan da ya duba shi matashi ne, Bahaushe, bai girmi babban ɗana ba. Bayan an sa wa yaro iskar numfashi ya dawo hayyacinsa, na ja likitan gefe murya ƙasa-ƙasa, na ce, "Likita, kada ka ɓoye mini. Shaye-shaye ne ko?" Ya tambayi sana'ar yaron, na faɗa masa. Ya tambayi yadda ɗakin yake, na faɗa masa. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Baba, abin da kuka gani a jikinsa gaskiya ne, buguwa ce. Amma ba da son ransa ba. Sinadarin da ke bugar da mai shaƙar sholisho, shi da danginsa ne a cikin tina da fentin mai. Bambancin kawai, wancan a leda yake shaƙa, naku kuwa ɗaki guda aka mayar masa leda." Sai ya ce, "A ina yake sayen tinar?"

Na ce, "A shagona."

Ban taɓa jin kalma biyu sun yi mini nauyi a baki kamar waɗannan ba.

Da gari ya waye na zauna a bakin gadonsa na ce, "Na zalunce ka. Ka yafe mini." Ya kawar da kai yana cewa, "Haba Baba, haba Baba," hawaye yana zuba. A al'adarmu ba a saba uba ya roƙi ɗa gafara ba, na sani. Amma wanda ya yi zargi a gaban uwa, dole ya wanke a gaban uwa. Dattijon nan ma na je na same shi na warware masa, domin kada maganar ta zauna a unguwa. Shi bai yi laifi ba, abin da hancinsa ya ji ya faɗa. Ni ne na yanke hukunci ban bincika ba.

Daga nan na shiga tambaya, wajen likitan nan da wajen wasu tsofaffin masu fenti da suka san aikinsu. Ga abin da na fahimta, a yadda ɗan kasuwa zai iya faɗa.

Fentin mai abu biyu ne a haɗe: launi, da ruwan da ke ɗauke da shi. In ka shafa, ruwan nan ba ɓacewa yake ba, tashi yake ya shiga iska. Abin da muke kira bushewar fenti ke nan. Sinadaran da ke cikinsa, irin su toluwin da zailin, in sun shiga huhu nan take suke wucewa cikin jini su hau ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake jin jiri, da ciwon kai, da tashin zuciya, da barci mai nauyi. In abin ya daɗe shekara da shekaru yana iya taɓa jijiyoyi, da tunani, da ji, da hanta, da ƙoda. Feshi kuma ya fi burushi haɗari, domin bindigar tana farfasa fentin ya zama hazo, wani ya sauka a kan aiki, wani ya tsaya yana yawo daidai hancin mai yi. Shi mai ƙananan gidaje kuwa fuskarsa ba ta wuce taƙi biyu daga aikin ba. Ƙanƙantar bindigar ita ta ruɗe mu duka, muka ɗauka abin wasa ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganar hanci. Hanci yana gajiya. In ka daɗe cikin wari sai ka daina jinsa, alhali yana nan, har ma ya ƙaru. Yarona ya ce shi bayan 'yan mintoci ba ya jin komai, sai ya ɗauka ya fita. Ashe abin da nake alfahari da shi shekara talatin, cewa ni wari ba ya damuna, mai gadi ne ya yi barci. Sannan tururin nan ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma yana kama wuta. Ashana ɗaya, ko sigari, ko tartsatsin soket, ya isa. Duk lokacin da na tuna maganin sauron nan da ke kan teburinsa sai jikina ya yi sanyi.

To mene ne abin yi? Na farko dai iska. Kada a yi feshi a rufaffen ɗaki, ko da na minti biyar ne, kuma kada a kwana inda aka yi feshi ko inda aiki yake bushewa. Mu abin da muka yi, mun fitar da aikin zuwa rumfa a bayan gida, nesa da madafa da inda yara ke wasa. Kafinta ya haɗa masa akwatin katako mai buɗaɗɗen gaba, a bayansa an sa matata ta soso da fanka mai zuƙe iska tana fitarwa waje, irin wadda aka rufe injinta saboda tartsatsi. Yana sa aikin a ciki ya fesa, hazon yana tafiya gaba, ba ya dawowa fuskarsa. A lura, fankar da ke kaɗa iska a cikin ɗaki ba ta fitar da komai, juya shi kawai take yi. Matsalar ƙura kuwa, wadda ita ta jawo duk wannan, maganinta ashe ba shi da wuya: in ya gama fesawa sai ya kifa babban kwali a kan aikin har ya sha iska. Aikin ake rufewa, ba mutum ba.

Na biyu takunkumi, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗuwa. Takunkumin da muka saba da shi tun lokacin korona a 2020, da hankici, da rawani, ba sa tare tururin tina ko kaɗan. Wanda ke aiki shi ne na roba mai kama fuska, mai gwangwanaye biyu a gefe da aka cika da gawayi na musamman, a samansu kuma da matatar da ke tare hazon fenti. In na tsarin Turai ne za ka ga zobe ruwan ƙasa da harafin A, in na Amurka ne zoben baƙi ne. Gawayin yana ƙoshi, don haka in ka fara jin wari ta ciki, lokacin canji ya yi, har ya ɗan wuce. In an gama aiki a ɗaure shi a leda, domin ko a rataye yake yana ci gaba da shan iska yana lalacewa. Ga wata magana kuma da ta shafe mu: irin wannan takunkumi ba ya kama fuskar mai gemu sosai, iska tana shiga ta gefe. Ban ce kowa ya aske ba. Na ce mai gemu ya san cewa kariyarsa ta ragu, ya ninka kula da iska, ko ya nemi irin wanda ke rufe kai gaba ɗaya.

Na uku, a canza fentin in da hali. Yanzu yawancin aikinsa da fentin ruwa yake yi, wanda ake tsinkawa da ruwa ba da tina ba. Ribata a kansa ta ragu, amma na fi kowa murna. Shi ma dai hazonsa ba abin shaƙa ba ne, sai da takunkumi. Wanda ya fi kowanne sharri shi ne fentin mota mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa hadina. Akwai wani sinadari a cikinsa da ke haddasa asma, kuma in jiki ya riga ya tsane shi, ko ɗan kaɗan mutum ya shaƙa sai ƙirji ya toshe, wani har ya bar sana'ar dole. Wannan ba na ɗaki ba ne, ba na tsakar gida ba ne, kuma ko takunkumin gawayi bai wadatar a kansa ba, sai mai kawo iska ta tiyo daga waje.

Na huɗu, hannu. A daina wanke hannu da fetur ko tina. Suna cinye maiƙon fata, ta tsage, kuma suna ratsawa su shiga jiki. A sa safar hannu, a wanke da sabulu, kuma kada a ci abinci a wurin aiki.

Sai maganar madara. Duk wanda ya san Apo wajen masu gyaran mota, ko Kugbo wajen masu kujeru da gadaje, ko nan kasuwar katako ta Dei-Dei, ya san al'adar: in yaro ya gama feshi sai maigida ya ba shi kuɗin madarar gwangwani, wai tana wanke ƙirji. Ni kaina na sha faɗa wa masu saye haka. Da na tambayi likita, ya ce, "Baba, madara ciki take tafiya, fenti kuwa huhu ya tafi. Hanyarsu ba ɗaya ba ce." Madara abinci ce mai kyau, a sha. Amma kuɗin madarar wata biyu ko uku, in aka tara, ya kama hanyar sayen takunkumin gaske.

Kada wani ya ce ai mu mun shekara ashirin muna yi ba abin da ya same mu. Tun 1989 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin fenti cikin sana'o'in da ke jawo cutar daji. Irin wannan ciwo ba ya sallama ranar da ya shigo. Kuma ba mai feshin kaɗai abin ya shafa ba. Wasu fentin mai, musamman masu launin rawaya da ja, ana samun dalma a cikinsu. Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labarin dalma ba: a 2010 yara sama da 400 suka rasu a Zamfara, saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Can ma sana'a ce aka shigo da ita tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Don haka feshi da gugar tsohon fenti, a nisanta su da yara da mata masu juna biyu.

In kuma Allah ya kawo tsautsayi ka tarar da wani ya faɗi a irin wannan ɗaki, kada ka kunna ashana ko ka taɓa makunnin wuta. Buɗe ƙofa, ja shi waje, kwantar da shi a gefensa saboda amai, kada a ɗura masa madara ko manja, a nufi asibiti da gwangwanin abin da ya shaƙa a hannu domin likita ya gani.

Ni dai abin ya canza mini zaman shago. A da in yaro ya zo sayen tina, tambayata ɗaya ce: lita nawa? Yanzu sai na ƙara da, a ina za ka yi aikin? Akwai taga? Wasu suna dariya, wasu suna cewa Malam ya koma likita. Na kuma sa takunkumin gawayi a cikin hajata, ina sayar da shi kusan yadda na saro. Shekara talatin ina auna wa mutane abin da ban taɓa karanta gargaɗin da ke jikin gwangwaninsa ba. In ana maganar haƙƙin mai saye a kan mai sayarwa, da cikar mudu kawai nake kawowa a raina. Ashe faɗa masa abin da hajar za ta iya yi masa ma yana ciki.

Ina roƙon iyayen gida masu yara a ƙarƙashinsu, a gareji ko a wajen kafinta: yaron nan da aka kawo maka daga ƙauye amana ne, bai san komai ba sai abin da ka nuna masa. Ina kuma roƙon iyaye irina: in ka ga idon ɗanka ya yi ja, ka tambayi inda yake wuni da abin da yake taɓawa kafin ka buɗe baki. Shaye-shaye gaskiya ne, yana nan a unguwa, ba na musu. Amma ba kowane jan ido ne shi ba.

Yaron yana nan lafiya, alhamdu lillahi, ciwon kan ya tafi, ya dawo cin tuwonsa har da neman ƙari. Satin da ya wuce ya kammala wani rukunin gidaje, har da ɗan masallaci a tsakiya mai koren rufi. Ya kira ni in gani. Na tsaya daga bakin rumfa, ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, dakata daga nan tukuna, bai gama bushewa ba." Na dakata.

Allah ya tsare mana zuriya, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.